Kwalba Mai Sunan Kashim

Tun da aka binne yayansa Ba Tahir, Alhaji Kashim ya daina dariya da ƙarfi. Matarsa Ya Kellu ce kaɗai ta lura, domin ita ce ta san dariyar nan tun yana saurayi mai dakon kwalayen banda a kasuwar kifi ta Baga Road, lokacin da yake zuwa zance ya tsaya nesa da ita don kada ta ji ƙaurin hayaƙi a rigarsa. Ta ji ƙaurin, kuma ta so shi a haka. Yau shekara talatin da ɗoriya tana turara masa kaya kowace safiya, yana dawo mata da warin kasuwa kowace yamma, ba ta taɓa gajiya ba.

Sankarar hanji ce ta kashe Ba Tahir. An daɗe ana cewa basir ne, ana ɗirka masa jiƙo da sassaƙe, sai da ya koma kamar kara sannan aka kai shi asibiti, likitoci suka ce an makara. Kellu na cikin masu jinyarsa. Ta ga ledar bayan gida da aka maƙala masa a gefen ciki, ta ga yadda yake juya fuska ga bango in an zo canza ta, dattijo guda yana hawaye ba sauti.

Bayan an yi sadakar arba'in, 'yarsu ta fari Siddiƙa, wadda take aikin jinya a asibiti, ta zo gidansu na Gamboru da la'asar. Ta tarar da mahaifinta a tabarma ƙarƙashin dalbejiya, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta zaro wata 'yar kwalbar roba daga jaka, tsawonta bai fi ɗan yatsa ba. An riga an rubuta sunansa a jikinta.

"Baba, ba allura ba ce, ba kuma ɗibar jini ba," in ji ta. "Ka ga ɗan tsinken da ke jikin murfin? Da shi za ka ɗan taɓo bayan gida, ka mayar ciki, ka rufe. Shi ke nan."

Kashim ya kalli kwalbar kamar an ajiye masa kunama. Sunan mahaifiyarsa Siddiƙa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta da shi, sai dai ya ce mata Yagana.

"Yagana, ni lafiyata ƙalau. Ban taɓa ganin ɗigon jini ba."

"Ai jinin da ake nema ido ba ya ganinsa, Baba. Na'ura ce ke gani. In an gan shi da wuri, ana iya cire abin tun yana ɗan tsiro. Ɗan'uwanka ciki ɗaya ya tafi da wannan ciwon, kai ya kamata a fara dubawa."

Ya shiga murza hularsa a gwiwa. Kellu, da ke tsintar shinkafa a bakin ƙofar kicin, ta ga alamar ya fara saukowa. Sai ya ce, "To, wa zai duba?"

Siddiƙa ta sunkuyar da kai. "Habib ne a ɗakin gwajin."

Habib mijinta ne. Yaro mai ladabi, wanda yake cire takalmi tun daga zaure, bai taɓa ɗaga ido ya kalli surukinsa ba. Shi kuma Kashim ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

"Habib!" Muryarsa ta tashi. "Mijinki zai buɗe kashina, da sunana a rubuce, gobe ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce mini wushe? Da wane ido zan amsa masa? Ke kin yi boko har kunya ta fita daga kanki?"

"Baba, kullum ɗaruruwa yake dubawa, ba ya ma..."

"Ɗaruruwan nan ba su ba shi 'yarsu ba."

"To kunyar ce za ta yi maka magani? Ba Tahir ma ai kunya ce ta hana shi faɗa!"

Kashim ya tashi, ya zura takalmi, ya fice masallaci tun ba a kira salla ba. Siddiƙa ta ajiye kwalbar a cinyar mahaifiyarta, ta ce cikin kuka, "Ya, ba zan sake taka gidan nan ba sai ya yi. Ba zan zo in riƙa kallonsa ina lissafin mutuwarsa ba."

Kuma ba ta sake zuwa ba. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta biyo bayanta, tabarmar da take zama ta zauna a naɗe. Kashim ba ya tambaya, amma duk aka taɓa ƙofar gida sai ya ɗaga kai. Burabiskon da yake so ya riƙa dawowa kusan yadda aka kai shi. Kellu ta rasa inda za ta sa ranta. Mutum biyu ne duniyarta, ga shi kowannensu ya kafe, kuma taurin kan iri ɗaya ne, gado aka yi.

Kwalbar tana kan sif, a tsakiyar kwalaben humrarta. Kullum ta zo ɗaukar turare sai ta gan ta. A nan dabarar ta zo mata. Kashi ai kashi ne, wa zai bambance na miji da na mata? Ita lafiyarta ƙalau. Gaskiya tana gajiya da wuri kwanan nan, zaninta ma ya ɗan saki a ƙugu, amma wa bai rame ba tun wahalar ambaliya? Har yanzu shatin ruwan na nan a bangon ɗakinsu. Za a gwada, a ga ba komai, yarinya ta kwantar da hankali, uba ya tsira da mutuncinsa, gida ya koma gida.

Wata safiya bayan ya tafi kasuwa, ta shiga banɗaki da kwalbar, ta yi yadda ta ji 'yarta ta kwatanta. Ta wanke hannu da sabulu har fatar ta yi fari. Ta ƙulle kwalbar a baƙar leda, ta yafa lafaya, ta tari keke mai ƙafa uku zuwa asibiti.

"Ya yi," ta ce wa Siddiƙa a bakin ɗakin jinya. "Amma kada ki kuskura ki yi masa maganar. Ko godiya kada ki yi. Kin san shi da kunya."

Siddiƙa ta rungume ta a gaban mutane. Da yammar nan ta zo gida da ƙatuwar kankana, ta gaishe da mahaifinta kamar ba abin da ya faru. Shi ya ɗauka ta haƙura ne. Ya yanka kankanar da kansa, yana tsokanarta wai ta sayo farar ciki irin ta marowata, ya yi dariya har da buga cinya. Kellu ta ji dariyar daga kicin, ta lumshe ido ta ce alhamdu lillahi. A ranta ba ta yi laifin komai ba.

Farin cikin bai daɗe ba. Wata rana da azahar Siddiƙa ta shigo da kayan aiki a jikinta, idanunta jawur. Habib ya kawo ta, amma ya tsaya a zaure, ya kasa shigowa. Kashim ya dawo cin abinci ke nan. Ta zube a gabansa.

"Baba, an ga jini."

Kellu tana riƙe da kwanon miya. Ta ajiye shi a ƙasa a hankali don kada ya zube.

"Jinin me?" in ji Kashim.

"A gwajin. Ba wai lallai ciwon ba ne, wallahi ba lallai ba ne, basir ma yana sa haka. Amma dole a zura kyamara a duba hanjin."

"Wane gwaji? Ni ban yi..." Ya tsaya. Ya juyo ya kalli matarsa.

Nan ne ya kamata ta faɗa. Maganar ta zo har bakinta. Sai ga Ba Tahir a idonta, da ledar, da fuskarsa a juye ga bango. Tsoro ya kama ta, wata maganar ta fito a madadin waccan.

"Ni na ɗiba, Alhaji. Ranar da mai moya bai kawo ruwa da wuri ba, ka fita ka ce in ya zo a zuba a banɗaki. Kafin in zuba na ɗiba."

Ta zaci zai yi faɗa. Da ya yi, da ta ji sauƙi. Amma ya daɗe yana kallon abincin gabansa, sannan ya ce da ƙaramar murya, "Ashe dai ina bin Tahir." Ya ɗago ya dubi 'yarsa. "Yaushe za a yi kyamarar?"

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi da Kellu ta taɓa ɗauka. Kashim ya koma wani mutum mai taushi. Ya rage zuwa kasuwa, ya bar wa abokin cinikinsa rumfa. Yakan zauna kusa da ita tana girki, abin da bai taɓa yi ba, yana ba ta labarin abubuwan da ta riga ta sani: yadda suka tsere daga Baga da kayan jikinsu lokacin da sana'ar kifi ta kai su can, da ɗakin haya na farko mai yoyo. Wata rana ya ce, "Kellu, in na taɓa ɓata miki rai ki yafe mini."

"Ka daina irin wannan maganar."

"Ke kika cece ni, ko da an makara. Da ba ki yi mini wayo ba, da ina nan ina taƙama da kunya."

Ta juya masa baya tana hura wutar da ba ta mutu ba, hayaƙi ya zame mata dalilin hawaye.

Tana da hujjarta, kuma kullum sai ta maimaita wa kanta. In ta faɗa yanzu, zai fasa zuwa kyamarar, alhali shi ne mai gadon ciwon. Bari a duba shi tukuna. Hujjar gaskiya ce, amma ta san ba ita ce ke rufe mata baki ba. Ta fara lura da jikinta kamar na baƙuwa. Tana ɗaga bokiti sai numfashi ya gagara. Ta ja fatar idonta a madubi, ta ga cikinta fari fat. Wani murɗa da ta daɗe tana ɗora wa wake laifinsa ya riƙa zuwa yana tafiya a gefen hagu. Ita da ko fita ƙofar gida ba ta yi sai ta yi turare, ita za a riƙa toshe wa hanci? Kashim ya gan ta a haka? Gara ta yi shiru, in lokaci ya yi ta tafi da ƙamshinta.

Ana gobe za a yi kyamarar, ya wuni ba abinci, yana shan maganin wankin ciki yana zaryar banɗaki. Ita ke cika masa buta. A zuwan ƙarshe ya fito yana dafa bango, ya yi murmushin wahala ya ce, "Ko kifin da aka feɗe bai kai ni tsabtar ciki ba yau."

Washegari da safe suka tafi su uku. Likitan, Dakta Caleb, mutumin Biu ne mai furfura a gemu, yana magana a nutse. Aka shiga da Kashim. Kellu da Siddiƙa suka zauna a benci, fanka na juyawa a sama tana kaɗo iska mai zafi. Siddiƙa na jan carbi. Kellu ma ta so ta yi addu'a, amma ta rasa wa za ta roƙa wa.

Da aka kira su ofis, Kashim na zaune a kujera, maganin barci bai gama sakinsa ba. Dakta Caleb ya cire tabarau yana murmushi.

"Baba, hanjinka tas yake. Na duba daga farko har ƙarshe, ko ɗan tsiro ban gani ba."

Siddiƙa ta saki ƙara ta faɗi ta yi sujada a kan siminti. Ta tashi tana dariya tana kuka. "To jinin fa, Dakta?"

"Yakan faru. Wataƙila ɗan basir ne ya taɓa zuba ya warke. Tunda kyamara ba ta ga komai ba, ku je ku ci abinci."

Shi ke nan, magana ta mutu. Likita da kansa ya rufe ta. Ba wanda zai sake tambaya har abada. Kellu ta ji wani sanyi ya ratsa ta, ta gyara lafayarta ta miƙe, ta kama hannun mijinta don ya tashi.

Shi kuwa maganin ya sakar masa harshe. Ya riƙe yatsunta a gaban likita da 'yarsa, ya manta da kowa. "Kellu, kin san me? Ba mutuwar nake tsoro ba. Da suna sa mini allurar nan, ke nake tunani. Na ce wa zai zauna da ita a gidan nan? Amma ke kina da ƙarfi, za ki iya. Ni ne ba zan iya ba. Na roƙi Allah, in za a ɗauki ɗaya a cikinmu, a fara da ni. Yanzu ga shi ya bar mu duka biyu."

Ta dube shi. Hularsa a karkace, leɓɓansa a bushe, idanunsa cike da murna irin ta yaro. Wannan mutumin za ta bari ya tashi wata safiya ya tarar an makara, kamar yadda aka makara da yayansa? Ta koma ta zauna.

"Dakta," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. "Ba nasa ba ne."

"Me kika ce, Mama?"

"Abin da ke cikin kwalbar. Sunansa ne a jiki, amma nawa ne. Bai taɓa yi ba. Ni na sa nawa don su shirya da 'yarsa."

Siddiƙa ce ta fara fahimta, murnar ta zube daga fuskarta a hankali. Ta matso ta kama fuskar mahaifiyarta, ta ja fatar idonta ƙasa da babban yatsa, irin na ma'aikaciyar jinya. Abin da ta gani ya sa ta ja da baya ta dafe baki.

"Ya! Tun yaushe kike haka? Kullum ina kallonki, ban gani ba? Ni da nake duba mutanen gari?"

Kashim bai saki yatsun Kellu ba. Ya daɗe kafin maganar ta iso shi ta cikin maganin.

"Kina zaune kina jina ina neman gafararki," ya ce. "Kina cika mini buta. Kin san naki ne."

"Na sani."

"Don me, Kellu?"

"Tsoro nake ji, Alhaji."

Sai ya jawo hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suka shiga rawa. Dakta Caleb ya mayar da tabarau, sannan ya ce, "Mama, kin yi kuskure, amma kin gyara shi da bakinki. Kada mu ƙara ɓata lokaci."

A mako na gaba ita ce ta sha maganin wankin ciki, ita aka shiga da ita, Siddiƙa na riƙe da kanta har barci ya ɗauke ta. Da ta farfaɗo, ta ga fuskar 'yarta, ta san amsar tun kafin a kai ta ofis.

Dakta Caleb bai yi murmushi ba wannan karon. Ya ce akwai ƙari a gefen hagu, ya girma, an gutsuri kaɗan an kai gwaji, amma ko me sakamakon ya nuna sai an yi aiki an cire shi. Za a ɗauki hoton ciki a ga ko ya yaɗu.

"Zan warke?" in ji Kellu.

"Ba zan yi miki alkawarin da ba a hannuna yake ba. Da wata shida aka ƙara, da ba na ma maganar aiki. Yanzu akwai abin da za mu gwada."

Siddiƙa ta tsaya karɓar ranar hoto. Su biyu suka fito bakin titi, rana ta take, kwalta na tururi. Kashim ya tsayar da keke, ya taimaka mata ta hau, ya zauna a gefenta ya ce wa mai keken, "Gamboru. A hankali, ka kauce wa ramuka."

Unguwar Kwastam ta cika da masu lemo da masu gyaran waya, kowa na harkarsa kamar ba abin da ya faru a duniya. Kellu ta jingina kai da ƙarfen keken. Yunwa ce ta fara damunta, abin ya ba ta mamaki.

"Me za ki ci?" ya tambaye ta.

"Kunun gyaɗa."

"Zan dama miki."

Duk da halin da take ciki sai da ta ɗan murmusa. "Kai? Ka san inda ludayi yake?"

"Ki zauna a kujera ki riƙa faɗa mini."

Ta kalli gefen fuskarsa, ta ga yadda ya tsufa a mako guda. "To," ta ce. "Gara ma ka koya. Kunun, da shayin, da inda nake ajiye komai."

Ya gane abin da take nufi. Shiri take yi masa don ranar da ba ta nan. Ya kau da kai yana kallon titi, ya sake ce wa mai keken ya rage gudu, ko da yake keken da ƙyar yake tafiya.